Fatar Mesa a Bakan Sarkin Baka Gudaji

Duk wanda ya bi hanyar Sule Tankarkar zuwa Maigatari a shekarun nan da Nasara suka gama kafa turakun iyaka, in ya ce bai ji sunan Sarkin Baka Gudaji ba, to, a duba kunnensa. Laifin ba na Gudaji ba ne. Shi dai bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa, don ba ya barin baƙo ya sha ruwa a garin Kukar Sajo bai san wanda dajin ƙasar yake hannunsa ba.

Kuma ai abin a sani ne. Mutum ne dogo, kakkaura, mai tumbi irin na waɗanda Allah ya hutar. Layu da guraye sun cika masa damatsa, in yana tafe tun daga nesa za ka ji shi. Warkinsa ba irin na sauran maharba ba ne mai ƙauri da tabon jini. Nasa jar fata ce da dukawan Gumel suka ƙawata, kuma a kan wando yake ɗaura shi. Kwarinsa tuntu bakwai gare shi. Kibiya goma sha biyu ce a ciki ranar da aka naɗa shi, kuma saboda tsabar iya tattali, bayan shekara uku goma sha biyun ce dai. Namun daji ma sun shaide shi da tausayi. Babu barewa ko gada da ta taɓa kwana da ciwo saboda shi.

Yana da kirari. Shi ya tsara abinsa, kuma shi yake yi wa kansa, don bai yarda da muryar maroƙa ba: "Gagara-Gwanki, na Zinariya, mai sa zaki azumin dole!" Zinariya matarsa ce, ba a kuwa shawarce ta ba kafin a sa sunanta.

Sarautar gado ce. Kakansa Sajo, wanda ya sari garin, maharbi ne na gaske, haka ma mahaifinsa. Gudaji kuwa tun yana saurayi ya lura cewa fata ta fi daɗin sha'ani bayan wani ya riga ya feɗe ta, sai ya kama fataucin fatu tsakanin Maigatari da Gumel. Da tsohon ya rasu, ya dawo gida da babbar riga da babbar murya, ga shi kuma shi ne babba, aka miƙa masa bakan Sajo. Ƙanensa Hussaini, wanda ya fi sanin hanyar gwanki a kan hanyar kasuwa, bai yi jayayya ba. Ya ci gaba da shiga daji, yana kawo wa yayansa cinya kamar yadda ake kai wa kowane Sarkin Baka. Gudaji kan karɓa, ya jinjina ta, ya ce, "Madalla. Na ga ka fara ɗaukar abin da nake koya maka."

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. A Kukar Sajo, in an gama zuba hatsi a rumbu, ba mai shiga daji da sunan farauta sai an yi buɗar dawa. Gari kan fito da hantsi bakin tsohuwar kukar da ke gabas, liman ya yi addu'a, jama'a su ja baya su tsaya, Sarkin Baka ya wuce gaba shi kaɗai da bakan Sajo ya harba kibiyar farko. In ta ƙetare kan kukar, daji ya buɗu. In kuwa Sarki ya kasa, sai ya ajiye bakan a ƙasa, wanda ya iya ya ɗauka, da bakan da sarautar.

Shekarar farko, ana jibi za a fita, karkare ya fito wa Gudaji a yatsa. Ya naɗe hannun da tsumma har gwiwa, ya wakilta Hussaini, ya ce wa jama'a, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu, za ku ga harbi." Shekara ta biyu aka yi masa kiran gaggawa daga Gumel. Ba a taɓa gano wanda ya yi kiran ba. Ya dawo bayan kwana huɗu, ya ce sai baɗi. Tun daga nan mata in suna daka suka daina cewa Sarkin Baka, sai Sai-Baɗi.

A shekara ta uku, saura kwana goma, Dagaci Ubale ya kira shi zaure.

"Sarkin Baka, yaya yatsa?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Gumel fa? Ba wanda ya aiko?"

"Tukuna dai, ranka ya daɗe."

"To, madalla. Ko sun aiko, ka ce na riƙe ka. Bana ko ka harba, ko ka ajiye wa ƙanenka."

Gudaji ya yi dariya mai ƙarfi, ya ce ai shi ma abin da yake jira ke nan. Ya fito yana kirari. Amma gaskiyar magana, tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ba cinyar barewa yake ji ba, gaisuwar yake ji. Mutumin da ya shekara uku ana ce masa "Sarki, barka da hutawa," yaya zai wayi gari ana ce masa "Gudaji, akwai fatar akuya?" Mahaifinsa har ya koma ga Allah bai taɓa yaba masa a kan komai ba. Sarautar nan ita kaɗai ce ta yi kama da yabo daga gidansu, shi ya sa ya riƙe ta hannu bibbiyu.

Wani zai ce ai sai ya ɗauki baka ya zaga bayan gari ya yi ta gwaji kwana goman nan. Wannan tunanin ƙananan mutane ne. Gudaji zama ya yi, ya yi nazari irin na manya, ya gano cewa aibin ba a damtsensa yake ba, a bakan yake. Wani baƙin itacen dargaza ne kawai, hayaƙi da gumin hannu sun dafe shi, ba ado ba kwarjini. Ya tuna wani maharbi da ya taɓa gani a kasuwar Gumel, bakansa lulluɓe da fatar maciji yana sheƙi. Mutane sun kewaye shi suna ta shafawa, kuma har aka watse babu wanda ya ce masa ya harba a gani. Nan Gudaji ya ga mafita. In baka ya cika ido, wa zai bi kibiya da kallo ya ga inda ta faɗi?

Ranar Alhamis ya yi sammako ya nufi Maigatari. Da la'asar ya dawo da wani tsohon buhu rataye a ƙarshen sanda, ya miƙa sandar can nesa da jikinsa. Ya sa aka zazzage buhun a ƙofar gida, sai ga fatar mesa, doguwa, mai faɗi, da kanta da komai, baki a wangame. Ya ce a fadamar Gagarawa suka yi arba, ta tashi tsaye, ya ce mata, "Ke, kin san da wa kike?" Waɗanda suka gan shi ya fita ta arewa ya dawo ta arewa, alhali Gagarawa tana kudu, suka ɗauka cewa manyan maharba da hanyarsu suke. A ƙofar gida mesar kamu takwas ce. Kafin a idar da sallar magariba ta kai sha biyu.

Zinariya ta durƙusa ta duba. Ta ga ɗaurin kabar irin na mutanen Damagaram ne masu kawo fatu kasuwa, ta shafa cikin fatar ta ɗanɗana yatsa.

"Sannu da fama, Sarki," in ji ta. "Har da gishirinta ta zo."

Ya ce ta ɗauko faifai ta rufe kan, don kada ya firgita masu wucewa. Zinariya ta rufe. Ta san mijinta: ko igiyar guga ya gani yashe a ƙasa sai ya nemi tsari kafin ya tsallake.

Washegari ya ɗauki baka, ya sa aka bi shi da buhu, sai gidan Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyarsa, tsohon da duk bakan da ke ƙasar ya taɓa bi ta hannunsa. Ilu ya karɓi bakan Sajo da ladabi, ya juya shi, ya bi bayansa da yatsa, wato gefen da ke fuskantar nama in an ja tsirkiya. Ya tsaya a wani wuri inda itacen ya fara ɗagowa kaɗan.

"Ka kyauta da ka kawo shi, ɗan nan. Ka ga wurin nan? In aka cika ja a haka, tsagewa zai yi. Fata yake so."

Ya shiga ɗaki ya fito da fatun macijin nan kasa guda biyu, sirara, an kankare cikinsu tas har ana ganin haske ta ciki. Ya faɗi yadda zai yi. Zai jiƙa su a ruwa mai ɗumi su yi laushi. Zai goge bayan bakan da ganyen ɓaure, ya shafa danƙo kaɗan, ya shimfiɗa fata ɗaya daga mariƙi zuwa sama, ɗaya daga mariƙi zuwa ƙasa, ya bi da babban yatsa yana korar iska. Sai ya naɗe da tsumma ya rataye a inuwa kwana bakwai. In ya kwance, ya gyare gefe da aska, ya kankare ɓawon, ya shafe da man kaɗe.

"Yau saura kwana takwas," in ji shi. "Ka bar mini shi yanzu, ka same shi daidai."

Gudaji ya saurara da haƙuri irin na manya in ƙanana suna magana. Sannan ya gyara tsayuwa.

"Kawu, ka san ina girmama ka. Amma kai zamanin da ka sani daban, wanda muke ciki daban. Ni na zaga duniya, na je Gumel, na je Maigatari, har na leƙa ƙasar Faranshi na dawo. Kasa? Kasa ai ta talakawan maharba ce, masu bin zomo. Sarki da mesa aka san shi. Sa'an nan kuma ka ce a baya za a sa. To, in tambaye ka: ranar buɗar dawa, wa ke tsaye a gaban baka in ban da kuka? Dagaci a bayana yake. Liman a bayana yake. Gari kaf a bayana yake. Ni in sha wahalar mesa, kuka ta sha kallo? A ciki za a manna ta, inda ido yake."

Ilu ya nuna masa cikin bakan da yatsa.

"Ɗan nan, baya shi ke miƙewa in an ja, shi ke son abin da zai riƙe shi. Ciki tanƙwarewa yake yi. Fatar da ka sa a ciki ba ta da wurin zuwa, tattarewa za ta yi ta tashi. Kuma wannan taka ko kankare ta ba a yi ba."

"To, ai shi ke nan. Kowa da iyakar saninsa," in ji Gudaji. Ya karɓe bakansa.

Kwana biyar ya yi yana baje fatar a ƙofar gida, faifai a kan kai, yana ba da labarin fadamar Gagarawa. Sai da ya rage kwana uku ya tuna akwai aiki. Ya karɓi tukunyar miyar Zinariya, ya zuba guntayen ƙirgi da ƙaro, aka yi ta dafawa har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. Kawu ya ce a shafa kaɗan, amma Kawu talaka ne, ya saba da tsimi. Gudaji laftawa ya yi. Bai jiƙa fatar ba, don kada zanen ya dushe. Bai rage faɗinta ba, ko da yake bakan yatsa biyu ne ita kuwa ta fi tafin hannu, sai ya nannaɗe gefen ya cusa. Wutsiyar kawai ya yarda aka datse. Kan kuwa ya ce a bar shi can a ƙarshen sama, yana leƙen duniya. Shi ya tsaya wajen wutsiya yana ba da umarni, Zinariya ce ta riƙe kan.

"Ba za a naɗe da tsumma ba, Sarki?"

"A naɗe, a ga me?"

Inuwa ma bai yarda da ita ba. Abin da inuwa za ta yi a kwana bakwai, in ji shi, rana za ta yi a uku. Ya sa aka ɗora bakan a kan rumfar ƙofar gida, inda duk mai zuwa rijiya zai gani. An kuwa gani. Wanda bai gani ba ma ya ji, don a rana ta biyu wari ya kai masallaci. Ungulaye suka fara shawagi a kan gidan. Karnukan maharba suka bar iyayen gidansu suka zo suka zauna a gindin rumfar, suka ɗaga kai sama.

Gudaji ya fito ya dube su, ransa ya yi fari.

"Ku duba ikon Allah, jama'a. Dabba ba ta munafunci. Ta san sarki."

Ranar buɗar dawa gari ya fito kaf. Gudaji ya zo a ƙarshe, kamar yadda ya dace, layu na kaɗawa, baka a kafaɗa, karnuka tara a bayansa, ƙudaje kuma ba a ƙidaya ba. Ya riƙe bakan yadda kan mesar zai kasance can sama da hularsa, inda idonsa ba ya kaiwa. Liman ya yi addu'a, ya ɗan gajarta ta saboda iska ta wajensa take kaɗawa. Sai Gudaji ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ranka ya daɗe, Dagaci. Malam Liman. Jama'ar Kukar Sajo, maza da mata. Shekara biyu ina jin abin da ake faɗa a gindin turmi, ban tanka ba. Ba tsoro ba ne. Jira nake in sami bakan da ya dace da damtsena. Kakana ya riƙe itace, ubana ya riƙe itace, ni na riƙe mesa. Abin da nake roƙo, in akwai mai 'yan'uwa a Sule Tankarkar, ya aika a ce su shiga ɗaki, don ban san inda kibiyar nan za ta sauka ba."

Wannan na ƙarshe gaskiya ne.

Ya miƙa wa Hussaini bakan ya ɗaura masa tsirkiya, wai sarki ba ya wannan da kansa. Hussaini ya tanƙwara itacen a hankali, ya ji fatar tana ƙara ƙasa-ƙasa. Da zai mayar, ya rage murya ya ce, "Yaya, don Allah kada ka cika ja." Gudaji ya yi murmushi. Ya san hassada in ya gan ta. Can gefe Kawu Ilu ya dafe baki da hannu, idonsa na kan wurin nan da itacen ya ɗago.

Jama'a suka ja baya. Gudaji ya wuce gaba, ya zaro kibiya, wadda rabonta da ganin rana shekara uku ke nan. Ya ɗana ta. Ya ɗan karkata bakan don Dagaci ya ga zanen da kyau, ya yi bisimilla, ya ja.

Bai kai rabi ba aka ji ɓas. Aka sake jin ɓas, ɓas. Busasshen danƙon ya saki daga sama, fatar ta tattare ta yi tsalle, kan mesar ya rufto da bakinsa a wangame ya sauka daidai kan hancin Sarkin Baka, sauran jikin ya bi ya kwanta masa a damtse.

"Wayyo Allah, maciji! Zinariya! Zinariya!"

Ya yi jifa da baka. Kibiya ta faɗi a gabansa, taku uku, ta kwanta abinta. Ya juya da gudu, kuma da yake gari kaf a bayansa yake, sai da ya ratsa ta tsakiyar gari kaf, hula a ƙasa, layu na kaɗawa, fatar maƙale a gurunsa tana binsa, karnuka tara na bin fatar. Dagaci ya gani. Liman ya gani. Ya so kowa ya ga mesarsa da kyau, kuma babu wanda ya koma gida yana cewa an tare masa. Tsofaffin mata suka ce tun da ake kirarin nan na "na Zinariya," ba a taɓa yin sa da gaskiya irin ta ranar ba.

Bakan Sajo na kwance a ƙasa. Hussaini bai taɓa shi ba sai da Dagaci ya ɗaga masa kai. Kawu Ilu ya riga shi kai hannu, ya duba wurin nan, ya yi hamdala, ya ɗaure shi da jijiya. Hussaini ya ja daidai gwargwado, kibiya ta ƙetare kuka, daji ya buɗu. Washegari bakan ya koma gidan Ilu, ya sha fatun kasa biyu a baya, ya kwana bakwai a inuwa.

Gudaji ma kwana bakwai ya yi a inuwa, bai leƙo ƙofar gida ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har tuwo sai Zinariya ta yi da gaske yake ci. A rana ta takwas Kawu Ilu ya zo ya zauna a bakin ɗaki.

"Ɗan nan, fito. Ka yi wa gidanku abin da ya fi harbi. Da ka ƙara ja ko yatsa biyu ne, da yanzu bakan Sajo yana murhu. Jifan nan da ka yi shi ya cece shi."

Can sai aka ji motsin layu a ɗaki.

Kafin Alhamis ta zagayo, duk kasuwar Maigatari ta san cewa Gudaji, saboda kaifin kunnensa, ya ji itacen kakansa yana kuka, ya zaɓi ya rasa sarauta a kan ya karya gado. Ihun da ya yi kuwa dabara ce, don mutane su ba da wuri. Hussaini bai ƙaryata ba, kuma bai daina aiko da cinya ba, sai dai yanzu da sunan ta yaya ce. Mutanen gari suka koma ce masa Tsohon Sarki. Ya auna sunan, ya ga dai akwai sarki a ciki, ya karɓa.

Fatar kuwa, abin da karnuka suka rage, Zinariya ba ta yar ba, don ita ba ta ɓarna. Ta shimfiɗa ta a tsakar gida kusa da inda take shanyar gero, da kan da komai, ko kaji za su ji tsoro su bar mata hatsinta. Yini ɗaya suka yi suna tsoron. Washegari kaza ta hau kai ta kwanta, 'yan tsakinta suna tsattsagar gero a cikin bakin mesar.

A gidan kaf mutum ɗaya ne ya canza hanya. In zai shiga ɗakinsa, sai ya zaga ta bayan rumbu, ya bi ta turken awaki, ya tsallake kwata. Ya ce ta nan ta fi kusa.